Goge Marar Tsirkiya

Duk wanda ya yi biki ko suna a Agege a shekarar da sojoji suka koma bariki, da wuya a ce bai san Yahuza Mai Fiyano ba. Haifaffen unguwar ne, a wani gida da ke bayan layin dogo, inda in jirgi zai wuce sai kwanukan da ke jere a kanta su yi ta kaɗawa. Mahaifinsa falken goro ne mutumin Gwarzo da ya zo Ikko ya zauna. Shi kuwa Yahuza ya tashi yana jin Yarbanci kamar Hausa, in ransa ya ɓaci ma da Yarbanci yake fara faɗa kafin ya tuna da harshen gida.

Fiyanonsa ta farko wani kawunsa ne ya tsinto masa ita a Jankara, cikin tulin kayan gwanjo. 'Yar ƙarama ce, haƙoranta kamar na akuya, in ya ɗora yatsa ɗaya sai ya danne biyu. Da batir shida take aiki, shi ya sa ya raɗa mata suna 'Yar Batir. An rubuta sunayen kayan kiɗa da yawa a jikinta, amma ko wanne ka zaɓa abu ɗaya kake ji, kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Duk da haka bai taɓa yarda a raina ta a gabansa ba. Yakan ce a kanta ya koyi duk abin da ya iya, kuma ita kaɗai ce ba ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke.

Ta biyun kuwa ita ce ta fito da shi. Lokacin da 'yan siyasa suka cika gari da taro, kowane mai neman kansila yana son a wasa shi, aiki ya buɗe wa Yahuza, ya hau motar danfo ya tafi kasuwar Alaba ya dawo da wata doguwar fiyano ƙirar Japan, sabuwa fil a kwalinta. Haƙoranta sittin da ɗaya. In ka taɓa ta a hankali ta yi maka raɗa, in ka doka ta ta amsa da ƙarfi, abin da 'Yar Batir ba ta taɓa yi ba. Muryoyinta sun haura ɗari huɗu, sarewarta har da hucin numfashi a ciki. Maɓalli ɗaya za ka danna ganguna su tashi, ka ɗora yatsan hagu guda sai jita da molo da sauran tarkace su biyo baya, duk a kan ƙa'ida. Akwai ma wata 'yar kafa da ake zura diski, ta riƙe maka waƙa har sai ka neme ta. Ya sa mata suna Mai Komai.

"Mutum goma ne a cikin akwatin nan," yakan gaya wa matarsa Ni'ima, yana goge ta da tsohon ɗankwali. "Ba sa makara, ba sa rigima, ba wanda zai ce mini matarsa ta haihu ba zai zo ba."

Ni'ima takan ce, "Saura su koyi ɗebo ruwa."

Wata Talata da la'asar yana zaune a ƙofar gida sai ga Alhaji Boubacar, mai shagon shadda a bakin kasuwa, wanda shi ne shugaban 'yan Nijar mazauna unguwar. Bayan sun gaisa ya ce masa wata alfarma ta kawo shi.

"Ka san Inna Hansai mai tuwo?"

Wa bai san ta ba? Shekara talatin tana tuƙa tuwo a wata rumfa kusa da inda ake sauke goro. Masu gadi da 'yan dako da masu tura baro duk a wurinta suke ci, kuma duk baƙon da ya sauka daga Maraɗi ko Tawa bai san kowa ba, wurinta ake fara kai shi.

"Bon, to, za ta koma gida Tasawa bayan Babbar Salla," in ji Alhaji Boubacar. "Ƙafa ta hana ta tsayuwa. Abin da ku yaran Ikko ba ku sani ba, kafin ta zo nan zabiya ce. Ita da wani mai goge, Jumare, babu ƙauyen da ba su taka ba a ƙasarmu. Da ya rasu ta ajiye waƙa. Sai dai in tana tuƙi mukan ji tana yi ƙasa-ƙasa. Mun yi shawara a ƙungiya, muna son a ɗauki muryarta a kaset kafin ta tafi. Ta yarda da kyar. Kai muke so ka yi mata kiɗa."

Yahuza ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. A ransa ya riga ya zaɓi gangar da zai sa.

Washegari da hantsi, bayan masu karin kumallo sun watse, ya ɗora Mai Komai a okada ya isa rumfar. Inna Hansai doguwa ce, siririya, da zane-zanen gado a kumatu, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno ta miƙe ƙafar da ke ciwo. Ya durƙusa ya gaishe ta. Aka jawo masa wuta daga shagon mai aski, ya kafa fiyano a kan benci, ya danna maɓalli. Ganguna suka tashi, masu wucewa suka fara tsayawa.

"Bismilla, Inna."

Ta saurara jim kaɗan, sannan ta ɗaga murya. Yahuza bai zaci irin wannan murya za ta fito daga wannan jiki ba: siririya ce amma da kaifi, tana hawa kamar hayaƙi, ta karkace, ta sauko a inda ba ka zata ba. Waƙar wata yarinya ce da ta je rijiya ta tarar guga ya tsinke. Ya lalubi inda muryar take a kan haƙoran fiyano. Ya taɓa fari, ya ji ya yi ƙasa da ita. Ya taɓa baƙin da ke kusa, ya ji ya wuce ta. Muryar tana can tsakanin biyun, inda babu haƙori. Kafin ya gama wannan lalube ta ja wani baiti ya yi tsawo, ganguna suka wuce suka bar ta a baya. Ya rage musu sauri, sai kuma ta taƙaita na gaba, ta bar su.

Sau huɗu suna farawa. A na biyar ta ɗaga hannu.

"Ɗan nan, kashe."

Ya kashe.

"Abin naka shina da daɗi, ba ni hana shi. Amma mi ka sa a ciki, soja? An ce sun koma bariki, ashe kai ka ɓoye guda cikin akwati. Hagu, dama, hagu, dama. Ni kuwa tahiyar mai tulu a ka nike yi. In na ji nauyi in tsaya, in na ga inuwa in yi sauri."

'Yan kallo suka fashe da dariya. Yahuza ma ya yi, amma ta ciki na ciki. Ya naɗe wayoyinsa, ta sa aka zubo masa tuwo da miyar kuka, ya ci don kada ta ga kamar ya yi fushi.

Abin ya tsaya masa a rai kwana da kwanaki. Ba dariyar ce ta dame shi ba. Wannan wuri da ke tsakanin farin haƙori da baƙi shi ne ya hana shi sukuni. Shekara goma sha biyu yana kiɗa, bai taɓa sanin akwai wani abu a wurin ba. Ya kashe gangunan ya gwada muryar goge irin ta Turawa da ke cikin Mai Komai. Murya ce mai kyau, tsaf-tsaf kamar an yi mata guga, amma daga wannan haƙori zuwa wancan tsalle take yi, kamar mai hawa bene. Inna Hansai kuwa ba ta hawa bene, gangara take bi.

Ranar Asabar ya tafi Ebute Metta wurin Baba Lasisi, tsohon da ke gyaran kayan kiɗa a wani shago kusa da gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Wayar wutar Mai Komai ce ta fara tsagewa, ya kai a sake mata. Baba Lasisi ya haura saba'in, tabaransa ɗaure da zare, kuma babu makaɗin coci ko na juju, kiɗan Yarbawa, a wannan yanki da bai taɓa kawo masa kaya ba. Yana aiki Yahuza yana ba shi labari da Yarbanci, har ya kwaikwayi yadda muryar tsohuwar ke zamewa.

Baba Lasisi ya ajiye abin da ke hannunsa. "Sake yi in ji."

Ya sake.

Tsohon ya tashi ya shiga ƙuryar shago, ya yi ta ture lasifikoki, ya fito rungume da wani abu a cikin buhu. Da ya zare buhun sai ga wata gajeriyar fiyano mai nauyi, gefe da gefenta katako, haƙoranta talatin da bakwai sun yi ruwan ɗorawa don tsufa. A samansu babu sunan ganga ko sarewa ko ɗaya. Sai 'yan maɓallan murɗawa birjik, sun fi talatin, da wata 'yar taya a gefen hagu.

"Wannan sintisaiza ce," in ji shi. "Ta wata ƙungiyar juju ce da ta watse tun zamanin farar hula na wancan karo. Mai ita ya bar mini ya tafi London, bai sake waiwayo ba."

Yahuza ya jona ta, ya danna haƙori. Shiru. Ya danna wani. Shiru.

"Baba, ai bebiya ce."

Baba Lasisi ya yi dariya har da tari. "Ba ta da lasifika a jikinta, omo mi, ɗana. Kuma ko ka haɗa mata, ba za ta ba ka komai ba sai abin da ka gina da hannunka. Taka ta gida kanti ce, ka shiga ka zaɓi riga ɗinkakkiya. Wannan yadi ne da almakashi."

Ya haɗa ta da wata tsohuwar lasifika, ya ce a ba ta kamar minti goma sha biyar ta yi ɗumi, don in ba haka ba muryarta yawo take yi. Da lokaci ya yi ya danna haƙori ɗaya, wani ƙugi mai kauri ya cika shagon, har ƙusoshin da ke cikin faranti suka yi rawa. Ya murɗa wani maɓalli, ƙugin ya sirance ya koma kamar fito. Ya murɗa wani, sannan ya taɓa haƙorin ƙasa ya taɓa na sama, sai sautin ya zame daga wannan zuwa wancan a hankali, bai tsallake komai ba a hanya.

Yahuza ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Ɗauki ka je ka gwada," in ji Baba Lasisi. "Amma ka sani, murya ɗaya take yi a lokaci guda. Ka danna haƙora uku, ɗaya za ta amsa. Kuma ba ta da tunani. Ka sami abin da kake so yau, wani ya goga maɓalli da gwiwar hannu, ya tafi ke nan."

Sunan Bebiya ya bi ta har gida, ko da yake mutanen gidan ba su yarda da sunan ba. Mako uku Yahuza yana fama da ita kullum bayan azahar. Wata rana ta yi kukan sauro, wata rana ta yi na saniyar da aka raba da ɗanta. Akwai ranar da maƙwabciyarsu Iya Sikira ta fito da gudu da bokiti, ta ɗauka famfo ne ya fara shaƙar iska zai kawo ruwa. Ni'ima ta ce ita dai tun da aka kawo wannan abu kanta bai daina ciwo ba, ga Mai Komai a lulluɓe kamar an yi mata laifi.

Shi kuwa wani irin daɗi yake ji da bai saba da shi ba. Da Mai Komai, in ya danna sarewa ya san wani ne can a Japan ya zauna ya ƙera ta, ya kuma ƙera ta da kyau. Da Bebiya kuwa komai munin abin da ya fito, nasa ne. A hankali ya gane aikin kowane maɓalli. Wannan shi ke sa sauti ya yi kaushi ko santsi. Wancan kamar tafin hannu ne a bakin mai magana, ka rufe murya ta dushe, ka buɗe ta washe. Wani yana sa sauti ya shigo a hankali maimakon ya faɗo gaba ɗaya, kamar yadda izga ke fara kama tsirkiya. 'Yar tayar nan ta hagu kuwa, da ita yake kai murya duk inda ya so tsakanin haƙori da haƙori, ya tsayar da ita a can.

Bai taɓa riƙe goge ba a rayuwarsa, amma ya sha jin sa a rediyo tun yana yaro, lokacin da mahaifinsa ke kamo tashar Kaduna. Wannan sautin yake nema. Ran wata Alhamis, Ni'ima tana tsince shinkafa a tsakar gida, ya ƙara ɗan kaushi, ya rufe bakin muryar kaɗan, ya sa mata 'yar makyarkyata, ya ja baitin yarinyar da gugarta ya tsinke. Sai ya ji motsin faranti ya tsaya. Ni'ima ta leƙo.

"Wa ya shigo?"

"Ba kowa."

Ta tsaya tana kallon akwatin. "Sake yi." Da ya sake, ta juya ta buɗe jakarta ta ɗauko kwalbar jan farce. "Matsa. Ba ka ce mantuwa gare ta ba?" Ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya tana ɗiga ja a daidai inda kowanne ya tsaya.

Da ya koma rumfar Inna Hansai bai yi wani shiri na burgewa ba. Ya jona Bebiya, ya zauna yana jiran ta yi ɗumi, tsohuwar tana kallonsa ta gefen ido tana yanka kuɓewa.

"Yau kuma wane ka kawo, ɗan sanda?"

Ya ja baitin. Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ya kai ƙarshe ya ɗaga yatsa, wuri ya yi tsit, sai ƙarar masu sauke goro daga nesa. Ta ajiye tiren a ƙasa, ta goge hannu da zane, ta gyara zama, ta ɗauki waƙar daga farko. Ya bi ta. Inda ta hau ya hau, inda ta karkace ya murza taya ya karkace, ya manne mata kamar inuwa. Yana cikin jin ya gama da ita sai ta tsaya.

"A'a. Kana taka mini zane. Jumare ba shi bina. In na yi magana shi yi shiru, in na aje shi ɗauka, shi ba ni amsa. Wani lokaci ma shi musa mini. Kai ba a hira a gidanku?"

Ranar ya koyi abin da babu maɓallinsa. Ta yi baiti, ya jira, ya mayar mata. Da farko maimaita abin da ta faɗa yake yi, ta ce ita ba aku ta nema ba. Sai ya fara canza ƙarshen, in ta sauka ya hau, in ta yi tambaya ya ja dogon sauti ya bar shi a rataye. Can sai ya ga ta yi murmushi tana waƙar, ta nuna shi da yatsa kamar mai cewa ka ji ɗan banza. Suka yi mako biyu a haka, kullum da hantsi. Masu gadi da suka tashi daga aiki sukan zauna a benci su ƙi tafiya barci.

Aka sa ranar ɗauka a wurin Almu, wanda ke da ɗan ɗakin ɗaukar sauti a saman wani kemis, bangonsa duk an manne da kwalayen ƙwai. Sai da maza biyu suka tallafa wa Inna Hansai ta hau benen. Mata uku 'yan ƙasarsu suka zo da ƙwarya da baho, suka kifa ƙwaryar a ruwa, su ne ganga. Yahuza ya zo da fiyano biyu. Ya yi ta tunani kafin ya yanke shawarar kawo Mai Komai, amma ya lura in Bebiya ta yi shiru tana jiran amsa, ƙasan waƙar yakan zama fayau. Sai ya kashe gangunan Mai Komai gaba ɗaya, ya zaɓi wata murya mai taushi da kauri, ya riƙe haƙora biyu da hannun hagu, suna ta gunji a hankali ba sa motsi.

Inna Hansai ta karkata kai ta saurara. "Wagga ita ce mai sojan?"

"Ita ce, Inna. Na sallame shi."

"To ashe ta iya shimhiɗa tabarma. Bar ta nan."

Almu ya kashe fanka don kada ƙararta ta shiga kaset, ya rufe taga. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, kafin su gama waƙa ta biyu kowa ya jiƙe sharkaf. A tsakiyar ta uku, wadda ta yi wa garinsu, Yahuza ya ji abin da Baba Lasisi ya gargaɗe shi a kai. Zafi ya kama Bebiya, muryarta ta fara hawa da kanta, kaɗan-kaɗan, tana rabuwa da tabarmar da Mai Komai ta shimfiɗa. Almu ma ya ji, ya ɗaga hannu daga bayan gilashi zai tsayar. Inna Hansai ta harare shi, ta kaɗa masa yatsa, ba ta yanke baitin ba. Ta ɗaga muryarta ta bi Bebiya can sama. Yahuza ya zare hannun hagu daga Mai Komai a hankali, ya bar su su biyu da ƙwarya. Haka suka ƙarasa, tsohuwa da tsohon akwati, suna hawa tare, har ta kai wani wuri da bai zaci muryarta za ta kai ba, ta tsaya a can, ta sauke.

Ɗaya daga cikin masu ƙwarya tana share ido da bakin mayafi.

Almu ya buɗe ƙofa ya ce, "Oga Yahuza, a sake wannan ko? Injin ya zame."

"Ba a sakewa," in ji Inna Hansai, tana haki. "Gogen Jumare haka shike yi. In rana ta bugi hwatar, sai ta ɗame, murya ta hau. Mu da muka yi wasa a hilin kasuwa da tsakar rana mun san wanga. Wanda bai iya bi ba shi koma gida."

Da suka fito, suna jiran a kawo mata mota, Alhaji Boubacar ya ce cikin murna ai yau Jumare ya dawo. Ta girgiza kai.

"Kada ka hwaɗi haka, Alhaji. Jumare na kwance Tasawa, Allah shi jiƙan shi. Wanga wani ne daban." Ta dubi Yahuza. "Amma shina da ladabi. Allah shi yi maka albarka, ɗana."

Kwana tara bayan Salla ta tafi. Aka cika tasha da masu rakiya, aka ɗora mata buhunan tsaraba har direba ya fara ƙorafi. Kaset ɗin kuwa ƙungiya ta buga ɗari biyu don rabawa, amma kafin wata biyu masu kwafi sun yi aikinsu. Yahuza ya ji shi a teburin mai shayi a Obalende, ya ji shi a ɗakin mai gadi a wata unguwar masu kuɗi, inda ya je kiɗan suna.

Ya kai wa Baba Lasisi guda, tare da Bebiya a cikin buhunta. Tsohon ba ya jin Hausa ko ta sayen goro, amma ya zauna ya saurari fuska ɗaya ta kaset ɗin har ƙarshe, idonsa a rufe.

"Shekara shida tana hannun yaran nan," ya ce, "ba abin da suka sa ta sai kukan bindigar 'yan sama-jannati a tsakiyar waƙa, mutane su yi ihu. Ban san tana jin Hausa ba." Ya tura buhun da ƙafa. "Koma da ita gida. A nan ɓeraye ne kawai za su gaje ta."

Yahuza ya ci gaba da zuwa biki da Mai Komai, don ita ce ke tayar da 'yan mata rawa, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. In matasa masu sha'awar kiɗa suka tambaye shi wacce ta fi, yakan ce su fara gaya masa wa za su yi wa kiɗan.

Ana nan, wata Lahadi da yamma, wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gidan. Dattijo ne baƙi, da rawani da sanda, da wata jakar fata a kafaɗa. Ya ce sunansa Alu, daga Dakwaro yake, shanu ya rako zuwa mayankar Oko-Oba. Ya ji wani kaset a wurin mahauta, aka ce masa mai gogen a nan unguwar yake, shi ne ya ce ba zai koma ba sai ya gaishe shi.

"Ina son in ga hannunsa," in ji shi. "Akwai wani juyi da yake yi, na kwana uku ina nema ban samu ba."

Yahuza ya shigar da shi, Ni'ima ta kawo ruwa, ya jona Bebiya, suka zauna suna jiran ta yi ɗumi. Da ya ja baitin farko, Malam Alu ya tashi ya zagaya bayan akwatin ya duba, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya dawo ya zauna.

"Ikon Allah," ya ce. "To shi ya sa. Ni izgata tana ƙarewa, dole in juyo da hannu. Kai taka ba ta da ƙarshe."

Sai ya kwance jakar fatar ya fito da goge, ƙoƙonsa ya yi baƙi ya yi sheƙi don shan hannu. Ya goga ƙaro a izgar, ya ɗora shi a cinya, ya ja. Yahuza ya ji abubuwan da bai taɓa ji a rediyo ba: ɗan ƙaiƙayin da ke zuwa kafin sauti ya kama, da shaƙewar da yake yi in izga ta juyo, da yadda kowane ja yake bambanta da ɗan'uwansa. Ya sauke hannunsa daga haƙoran ya zuba wa yatsun dattijon ido.

"Baba, don Allah sake wannan wurin. A hankali."

Malam Alu ya sake. Yahuza ya kai hannu ga maɓallin da ke sa kaushi, ya matsar da shi kaɗan daga inda yake, ya gwada. Dattijon ya ce bai kai ba. Ya ƙara. Suna nan a haka har aka kira magariba, suka tashi suka yi alwala. A hanyar masallaci Malam Alu ya ce motar da za ta mayar da su sai Laraba, in ba damuwa gobe ma zai zo bayan la'asar.